Tauraro Marar Tabo: Naƙasa da Aure a Adabin Hausa

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce duba gurbin naƙasasshe a jigon aure. A tatsuniyar budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, saurayin da ya zo mata sumul maciji ne ya rikiɗa. Amos Tutuola ya kawo makamancin labarin cikin The Palm-Wine Drinkard (1952), inda kyakkyawan saurayin ya zamo ƙoƙon kai mai gaɓoɓin aro. Ke nan tatsuniya ta riga mu gane cewa lafiyar gaɓa ba ita ke tabbatar da miji nagari ba.

Idan muka waiwayi littattafan soyayya, za mu tarar In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino ya ƙalubalanci masu auna miji da dukiya. Sai dai galibin taurarin irin waɗannan littattafai ba su da tabo, makaho da gurgu kuwa an bar su suna bara. Alhali makaho ne, Aliyu Namangi, ya ba mu Imfiraji.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2019 ba ta shiga zauren neman aure, amma labari yakan shiga. Gurguwar budurwa a Vimtim ta ƙasar Mubi, in ta karanta littafi goma ba ta ga amarya irinta ba, me muka koya mata? Me kuma muka koya wa iyayen saurayinta?