Muryar Wa Ake Ji? Nazari a Kan Wasan Opera na "Bintou Wéré"

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi nazari a kan "Bintou Wéré", wasan opera da aka fara nunawa a Bamako, babban birnin Mali, cikin watan Fabrairu na 2007, aka kuma kai shi gidan wasa na Châtelet da ke Paris a watan Oktoba na wannan shekara. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera maganganunsa da waƙa, ga kiɗa, sau da yawa ga rawa. Manufar takardar ita ce ta nuna cewa ba a auna ba wa jama'a murya a dandali da launin fatar mai waƙa kawai. Ana auna shi ne da harshen da aka rera, da mai labarin, da kuma wanda zai fahimci waƙar ba tare da tafinta ba. A kan wannan ma'auni za a duba inda wasan ya yi nasara da inda ya gaza.

2.0 Afirka a Dandalin Opera

An ƙago opera a Italiya wajajen 1600, kuma tun da daɗewa take ambaton Afirka. A 1865 aka nuna "L'Africaine" na Meyerbeer a Paris. A 1871 aka nuna "Aida" na Verdi a Alƙahira, labarin wata gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar. Sai dai gimbiyar Italiyanci take rerawa, kuma shekara da shekaru Turawa ne ke fitowa a matsayinta bayan an shafa musu baƙin kwalli a fuska. Ke nan Afirka tana cikin labari, amma ba ta da baki.

A Amurka ma haka abin ya daɗe. An buɗe gidan opera na Metropolitan da ke New York a 1883, amma sai a 1955 baƙar fata ta farko, Marian Anderson, ta rera muhimmin matsayi a cikinsa. Sai a 2015 gidan ya daina shafa wa mai fitowa a matsayin Otello baƙi. Sai kuma a 2021 ya nuna opera ta farko da baƙar fata ya tsara wa kiɗa, wato "Fire Shut Up in My Bones" ta Terence Blanchard. Waɗannan matakai ne na gaske, amma duk a cikin harsunan Turai aka yi su. A nan ne "Bintou Wéré" ya bambanta.

3.0 Masu Wasan da Jigonsa

Tunanin yin opera ta Sahel ya fito ne daga Yarima Claus na ƙasar Holan, wanda ya rasu a 2002, kuma gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ce ta ɗauki nauyin aikin. Koulsy Lamko, marubuci ɗan Cadi, shi ya rubuta labarin. Zé Manel Fortes na Gine Bisau ya tsara kiɗan, Wasis Diop na Senegal ya jagoranci makaɗa, Germaine Acogny na cikin waɗanda suka shirya rawa, Oumou Sy kuma ta ɗinka tufafi. Wata matashiyar mawaƙiya ƴar Mali, Djénéba Koné, ita ta fito a matsayin Bintou.

Babban jigon wasan shi ne ƙaura. Bintou yarinya ce da aka taɓa sa wa bindiga a hannu tana ƙarama, ga ta kuma da ciki. Ta bar ƙauye tare da wasu matasa, suka bi wani mai fataucin ƴan ci-rani mai suna Diallo, suka ratsa Sahara da niyyar kaiwa Melilla, wani gari na Ispaniya da ke gaɓar tekun Maroko. Maza da dama suna iƙirarin cewa cikin nasu ne, domin suna zaton wanda ya zama uban jaririn da aka haifa a Turai zai sami izinin zama. Naƙuda ta kama Bintou a kan shingen iyaka, sai tambaya ta taso: a wane ɓangare za a miƙa jaririn, na Afirka ko na Turai?

Wannan jigo ba ƙage ba ne. A ƙarshen daminar 2005 ɗaruruwan matasa suka yi ƙoƙarin haura shingayen Ceuta da Melilla da tsani na itace, aka kashe fiye da goma, aka kuma ƙara tsawon shingen zuwa mita 6. Ɗalibin da ya san Agadas da motocin da ke fita daga cikinta zuwa arewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Abin lura kuma shi ne, dokar Ispaniya ba ta ba jariri ƙasa don kawai an haife shi a can. Ashe mazan da ke rigima a kan cikin Bintou suna rigima ne a kan jita-jita, kuma wannan ya ƙara wa labarin ɗaci.

4.0 Harshe da Kiɗa

Lamko marubuci ne da ke rubutu da Faransanci, amma yawancin waƙoƙin wasan an rera su ne da Bambaranci da Malinke da Wolof da Kiriyol na Gine Bisau. Wannan zaɓi ya juya al'adar opera. Ɗan Bamako da ya je kallon "Aida" sai an fassara masa. A Châtelet kuwa ɗan Paris ne ya koma mai jiran fassara, ɗan ci-ranin Mali da ke zaune kusa da shi yana jin maganar kai tsaye.

Ga ɗalibin harshe, batun ya wuce na alfahari. Bambaranci harshe ne mai karin sauti, kamar Hausa. Kalmar "so" da karin sama tana nufin gida, da karin ƙasa kuma doki. A Hausa ma "kuka" na hawaye karinsa sama-sama ne, "kuka" ta miya kuwa sama-ƙasa. Haka nan tsawon wasalin farko shi ya raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo. To, salon rera opera na Turai yana ja wa wasali tsawo yadda kiɗa ya so, yana kuma hawa da sauka ba tare da kula da karin kalma ba, domin Italiyanci bai dogara da karin sauti wajen bambanta ma'ana ba. Idan aka ɗora harshe mai karin sauti a kan irin wannan rerawa, to ma'ana na iya ɓacewa, ko ma ta koma abin dariya. Wolof ba ya da karin sauti, saboda haka ya fi sauƙin lanƙwasawa, amma shi ma yana bambanta wasali dogo da gajere.

Masu wasan sun kauce wa wannan matsala ta hanyar barin mawaƙa su yi amfani da muryarsu ta gida, wato muryar maroƙan Mande da ta ƴan amshi, tare da kayan kiɗa irin su kora mai tsirkiya 21, da balafon, da ngoni wanda ɗan'uwan molo ne. A wannan al'ada waƙa tana bin bakin magana, ba magana ke bin waƙa ba. Babbar nasarar wasan ke nan. Bai koya wa ƴan Sahel rera waƙa irin ta mutanen Milan ba. Ya ɗauki zubin opera, wato dogon labari mai babi-babi da taurari da amshi, ya zuba masa muryar da ta riga ta dace da harsunan.

5.0 Inda Aka Gaza

Duk da haka akwai abubuwa uku da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansu.

Na farko, yawan harsuna. Haɗa harsuna huɗu ya nuna yadda ayarin ƴan ci-rani yake a zahiri, domin kowa da bakinsa yake tafe. Amma sakamakonsa shi ne, ko a Bamako ba kowa zai fahimci wasan daga farko har ƙarshe ba. Mai jin Bambaranci zai tsinci Malinke, tunda ƴan gida ɗaya ne, amma Wolof da Kiriyol baƙi ne a kunnensa. Wasan da ya ɗauki sunan Sahel gaba ɗaya kuma ya fi karkata ga yammacinta, alhali Sahel ta miƙe har Sudan.

Na biyu, sunan "opera" da kirarin sabon abu da ya biyo shi. Haɗa labari da waƙa da kiɗa a gaban jama'a ba baƙon abu ba ne a yankin, maroƙan Mande sun daɗe suna rera tarihin Sunjata. A Najeriya Duro Ladipo ya shirya "Oba Koso" da Yarbanci a farkon shekarun 1960, ya kai shi Berlin a 1964, aka kuma kira shi opera ta gargajiya. Tambayar da ta dace ita ce, me ya sa sai an sa wa aiki sunan Turai kafin manyan gidajen wasa su buɗe masa ƙofa?

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne ɗorewa. Opera tana rayuwa ne da maimaitawa. An fi shekara 150 ana nuna "Aida", domin kiɗanta a rubuce yake, akwai kuma gidaje da makarantu da ke horar da masu rera ta. "Bintou Wéré" kuwa da kuɗin waje aka tara masu yinsa daga ƙasashe daban-daban, kuma ƙarfinsa yana cikin muryoyin mutanen da al'adarsu ta koyo da kunne ce. Djénéba Koné ta rasu a haɗarin mota a 2011. Wasan bai shiga jerin waɗanda gidajen opera ke maimaitawa kowace shekara ba. Hanya mafi sauƙi ta ganin wani abu daga cikinsa ita ce fim ɗin Manthia Diawara mai suna "An Opera of the World" na 2017, wanda ya yi amfani da hotunan shirin Bamako. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Dandalin da aka ara na ƴan kwanaki yana sa a ji murya, amma ba ya ajiye ta.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa "Bintou Wéré" ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa ukun da aka gindaya a gabatarwa. Labarin na ƴan Sahel ne, su suka rubuta suka kuma rera, harshen ma nasu ne, an kuma mutunta karinsa. Sharaɗi na uku, wato mai sauraro na gida da zai ji ya kuma sake ji, shi ne bai cika ba. A nan aikin ɗaliban harshe yake. Rubuta waƙoƙin irin waɗannan wasanni da alamun karin sauti da tsawon wasali, da fassara su daga wani harshen Afirka zuwa wani ba tare da an bi ta Faransanci ba, su ne za su sa wata mawaƙiya ta iya ɗaukar matsayin Bintou bayan wadda ta fara rera shi ta tafi.