Fomalin da Bagaruwa: Gyara Kan Wani Suna

Masu labarai sun saba kiran fomalin "sinadarin adana gawa", har sunan ya soma shiga bakin malaman makaranta. Lalle ana amfani da shi wajen gawa, amma wannan suna ya ɓoye babban aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje, inda ake tsoma ɗan yankin tsokar majinyaci a cikinsa don ta tsaya yadda take, a yanka ta siri-siri a duba da madubin likita. Majinyacin kuwa yana da rai. Wanda aka ce masa an sa namansa a ruwan gawa, da wuya ya sāke yarda a yanke shi.

A 1893 ne wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, ya lura fatar yatsunsa ta yi tauri sa'ad da yake aiki da fomaldihaid. Abin da ya gani nan jima ce, ba wani abu ba. Sinadarin yana ɗaure furotin na nama da juna har ruɓa ta kāsa kama shi, kusan yadda bagaruwa ke yi wa fata. Yaron da ya tashi a Ƙaraye ko Rogo ya san ana daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa, a tsoma fatar akuya bayan toka ta cire gashi, ta fito jemammiya. Dalziel ya rubuta bagaruwa cikin littafinsa na sunayen tsirrai tun 1916. Ashe kalma tana gida, aka tafi nema a makabarta. Da an ce "ruwan jimar tsoka", da ɗalibi ya gane dalili tun kafin malami ya buɗe baki.

Amma fa ba kowane ruwa ne zai ɗauki wannan suna ba. Haɗin Carnoy, wanda galibinsa barasa ce, janye ruwan tsoka yake yi, watau ya fi kusa da shanyar kilishi.

Saura rikicin lissafi, wanda Turawa suka gadar. Fomalin asalinsa sunan kasuwa ne na ruwa mai fomaldihaid kashi 37 zuwa 40 cikin 100. Saboda haka "fomalin kashi 10" fomaldihaid kashi 4 ke nan kacal. Malamin da ya gama sunayen nan biyu ya mai da su ɗaya, almajirinsa zai yi haɗi mai ƙarfi ninki biyu da rabi.