Rabon Wanda Ya Faɗi: Nazari A Kan Littattafai Uku Na Damben Zamani

A fagen dambenmu na gargajiya, makaɗi kan yi wa wanda ya yi kisa kirari, wanda aka kayar kuwa ya kakkaɓe ƙura ya ɓace cikin taro. Ɗan Anace ya dawwamar da sunan Shago, amma mutum nawa ne ke tuna waɗanda Shago ya kayar? Da wannan tambaya nake auna littattafan damben zamani, wato ina duba rabon da marubuci ya ba wanda ya sha kaye. Littattafai uku ne na fi komawa gare su, dukansu kuwa a kan Muhammad Ali suke.

Mafi shahara shi ne The Fight na Norman Mailer, wanda ya fito a 1975. Labarin karon Ali da George Foreman ne a Kinshasa, ranar 30 ga Oktoba, 1974, wanda aka fara wajen ƙarfe huɗu na asuba don ya dace da lokacin masu kallo a Amurka. Idan ana maganar siffanta naushi, ban ga na biyun Mailer ba. Yadda ya bi turmi bayan turmi, Ali ya jingina da igiya yana shan duka har Foreman ya gaji, sannan ya kayar da shi a turmi na takwas, mai karatu kan ji kamar a bakin fage yake zaune. Sai dai littafin yana da jarumi na uku, shi ne Mailer da kansa, wanda yake ambaton sunansa kamar yana ba da labarin wani. Wani lokaci abin kan ba da dariya, kamar daren da ya bi Ali gudun motsa jiki ya gaji, ya ji rurin zaki ya tsorata, daga baya ya gane zakin na gidan namun daji ne. Amma wannan son kai ya cinye wurin da ya kamata a ba wasu. Foreman ya fito kamar dutse mai ban tsoro, ba mu cika sanin abin da ke zuciyarsa ba. Mutanen Zayar kuma sun zama ado kawai. Mailer ya karanta littafin wani limamin Kirista ɗan Beljiyam, Placide Tempels, a kan falsafar Bantu, sai ya ɗauka ya riƙe mabuɗin Afirka baki ɗaya. Mai karatu ɗan Afirka zai ji wannan a ransa.

King of the World na David Remnick, na 1998, shi ne zaɓina, kuma dalilin yana cikin tsarinsa. Sunan Ali ne a bango, amma Remnick ya jinkirta shigo da shi, ya fara da mutum biyu da tarihi ya ajiye a gefe: Floyd Patterson da Sonny Liston. Patterson zakara ne mai kunya da tsoron wulaƙanci, har yakan tanadi gemun ƙarya da tabarau don ya sulale ba a gane shi ba idan aka doke shi. Ya kuwa yi amfani da su a 1962 a Chicago, bayan Liston ya gama da shi cikin minti biyu da daƙiƙa shida. Shi kuma Liston bai iya karatu ba, bai san ranar haihuwarsa ba, a kurkukun jihar Missouri ya koyi dambe, kuma 'yan daba masu kuɗi ne suka riƙe ragamarsa. Da ya ci kambun duniya ya koma Philadelphia yana sa ran tarba, sai ya sauka a filin jirgi ya tarar babu taron da ya zo. Shafukan da suka ba da wannan labari sun fi kowane naushi a littafin Mailer zafi. Saboda haka, lokacin da aka zo Fabrairun 1964 a Miami, Liston ya ƙi tashi daga kujerarsa a farkon turmi na bakwai, mai karatu yana murna da nasarar saurayin da zai zama Muhammad Ali, amma yana ganin mutum ne ya rushe a ɗaya kusurwar. Remnick ya nuna yadda jaridun Amurka suka raba wa baƙaƙen 'yan dambe matsayi, wannan na kirki, wancan mugu, da yadda Ali ya ƙi karɓar ko ɗaya. Aibinsa shi ne ya tsaya da wuri, domin bai wuce shekarun 1960 sosai ba.

Na ukun, Ghosts of Manila na Mark Kram, na 2001, littafi ne mai fushi. Kram ya halarci karon Ali da Joe Frazier a Manila a 1975, inda mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana shi fita bayan turmi na 14. Ya tsaya wa Frazier, mutumin da ya taimaki Ali lokacin da aka hana shi dambe saboda ƙin zuwa yaƙin Biyetnam, sannan Ali ya saka masa da kiransa goggon biri a bainar jama'a. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ya daɗe yana jiran mai faɗarsa. Amma Kram ya wuce gona da iri. A ƙoƙarinsa na rama wa Frazier, ya rage wa Ali kusan komai, har da jarumtar da ya nuna a kan batun yaƙin, wadda ta ci masa fiye da shekara uku na ƙuruciyarsa a wajen fage.

Wanda zai karanta ɗaya kacal, ya ɗauki Remnick. Wanda ke da lokaci ya bi da Kram, domin daga inda Remnick ya tsaya Frazier yake shigowa. Mailer kuwa, a fara shi daga daren karon.