Lambun Yu na Shanghai: iyakar kariyar kayan tarihi

A 1559, zamanin daular Ming, Pan Yunduan ya soma gina lambun Yu cikin tsohon birnin Shanghai. A 1982 gwamnatin Sin ta sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa. To, amma me aka kare? Bisa tsaunin da Zhang Nanyang ya harhaɗa da duwatsu akwai wata rumfa, sunanta na nufin kallon kogi, domin daga can ake hangen jiragen ruwan Huangpu. Yau gine-gine sun tare kogin. Ga magina lambunan Sin kuwa, abin da ido ya hango bayan katanga sashen lambu ne. A ganinmu ke nan, kariyar da ta tsaya ga katanga ta ceci duwatsu da tafkuna, ta bar hangen ya salwanta.