Marubucin Yara a Gaban Alƙalansa: Nazarin Al'adar Ziyarar Makarantu a Birtaniya

Littafin yara yana da wata matsala tasa shi kaɗai. Babba ne ke rubuta shi, babba ke tace shi, babba ke saye, lambar yabo ma yawanci manya ke bayarwa. Wanda aka yi abin dominsa shi ne na ƙarshen jin labari. Marubutan Birtaniya sun daɗe da samo dabarar rage wannan tazara: su saɓa jaka su bi makarantu da ɗakunan karatu, su tsaya gaban yara su karanta musu da bakinsu.

Amfanin farko na marubucin ne kansa. Yaro bai iya kara ba. In labari ya yi sanyi, nan take za a ga hamma da mutsu-mutsu, in kuwa ya yi daɗi sai ajin ya yi tsit. Michael Morpurgo, wanda ya wallafa War Horse a 1982, malamin firamare ne tun farko, kuma a gaban ɗalibansa ya fara gwada labaran da ya ƙirƙira. Ita ma Julia Donaldson, mai littafin The Gruffalo na 1999, ta fito ne daga harkar waƙa, shi ya sa take mai da ziyararta wasan kwaikwayo, ta raba wa yara rawar da za su taka. Wanda ya karanta littattafanta a bayyane zai ji cewa an auna kowace jimla da kunne kafin ta hau takarda.

A 1999 al'adar ta sami kujera ta musamman, ta jakadan adabin yara na ƙasa, bisa shawarar Morpurgo da mawaƙi Ted Hughes. Mai zane Quentin Blake ne ya fara riƙe ta, kuma galibi shekara biyu ake yi a kai. Waɗanda suka biyo baya sun mai da tafiye-tafiyen hanyar gwagwarmaya. A 2012, lokacin da tsuke bakin aljihun gwamnati ke barazana ga ɗakunan karatu na jama'a, Donaldson ta zagaya su tun daga arewacin Sikotlan har ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, don a ga irin abin da za a rasa. Joseph Coelho, wanda ya hau kujerar a 2022, ya bi ƙasar yanki-yanki yana yankar katin shiga ɗakin karatu.

Sai dai akwai wani dalilin da ba a cika faɗa wa yara ba, wato abin sakawa a bakin salati. Binciken da ƙungiyar ALCS mai kula da haƙƙin marubuta ta fitar a 2022 ya nuna cewa matsakaicin abin da ƙwararren marubuci ke samu daga rubutu a Birtaniya kusan fam 7,000 ne a shekara. Saboda haka kuɗin ziyara da cinikin littafi a ƙofar zaure su ne ke riƙe da marubuta da yawa, musamman a watan Maris, lokacin bikin Ranar Littafi.

Daga nan illolin suke tasowa. Na farko, makarantar da ke da hali ita ke gayyato baƙo, ta unguwar marasa ƙarfi kuwa, inda ake da yaran da ba su taɓa mallakar littafi ba, sau da yawa sai dai ta ji labari. Na biyu, dandali ya fi karɓar mai barkwanci da murya, alhali iya rubutu daban, iya tsayuwa gaban taro daban. Marubuci mai kunya yana iya ɓacewa ko da alƙalaminsa ya fi na kowa kaifi, yayin da taurarin talbijin ke cika zaure da sunansu kawai. Na uku, kwanakin da aka ƙarar a jirgin ƙasa daga lokacin rubutu aka cire su.

Don haka bai kamata a auna ziyara da yawan tafi ko tsawon layin masu neman sa hannu ba. Abin dubawa shi ne ko yaran sun nemi littafin bayan baƙo ya tafi, kuma ko makarantar tana da kwafin da za ta ba su aro. Inda babu wannan, marubucin ya sami darasinsa da kuɗinsa, yaran kuwa kallo kawai suka sha.