Fim Ne Wannan, Ko Kashi Bakwai Aka Ɗinke?

Jama'a masu kallon anime, don Allah ku daina cika mana kunne da cewa fim ɗin Demon Slayer ya fi mai dogon zangonsa. Ya fi shi da me? Mugen Train da ya fito a Oktoban 2020 ba kai ba gindi. Daidai inda zangon farko na 2019 ya tsaya bayan kashi 26, nan ya ɗauka, aka faɗa jirgin ƙasa ko sallama babu. Ka ba wanda bai san labarin ba, zai tambaye ka wace ce yarinyar nan mai gora a baki, me ya sa yayanta Tanjiro ke goya ta cikin akwati, kuma fim ɗin ba zai tsaya ya gamsar da shi ba. Kamfanin Ufotable da ya shirya shi ma ya tona asirin kansa: a 2021 ya yayyanka fim ɗin, ya ƙara sabon kashi ɗaya a gaba, ya zama kashi bakwai a talabijin. Abin da aka yanka haka ba a ga tabo ba, dama can mai dogon zango ne aka sa wa babbar riga.

Sai ga fim ɗin Infinity Castle a Yulin 2025, sama da awa biyu da rabi, wai kuma na farko ne cikin uku. Ana tsakiyar gumurzu sai a ja birki, a koma dogon tarihin aljani Akaza tun yana mutum. A mai dogon zango wannan daɗi ne, domin an saba a ware kashi guda a ba da tarihin aljani, a kwana a ci gaba. A zama ɗaya kuwa sanyaya jiki yake yi, sannan a tashe ka labari bai ƙare ba. Mu da muka taso da kaset ɗin Kannywood mun san wannan dabarar: ana kaiwa wuri mai daɗi sai a ce mu haɗu a kashi na biyu. Gara masu Labarina da Izzar So, sun kira abinsu da sunansa.

Na san abin da za ku ce: zane ya fi kyau, sauti ya fi ƙarfi, kuma Mugen Train ya karya tarihin kuɗin da Spirited Away ya kafa a Japan. To, na yarda, faɗan jarumi Rengoku da Akaza a Mugen Train ba na wasa ba ne. Amma wannan armashin na mai zama a silimar Tokyo ne. Mu nan Illela da Ƙonni, wurin mai tura fim ake karɓa, a kalla a waya, babban allo ya tafi, sai jiran watanni ya rage mana. Shi kuwa Spirited Away ɗin Miyazaki na 2001, a cikinsa labari ya fara, a cikinsa ya ƙare, ko kakarka ka kunna wa za ta gane. In Ufotable na son kuɗin tikiti, halal ne, ya nema, amma ya ba mu labari cikakke.