Zane da Jere a Ƙasar Gwandu: Sharhi a kan Abin da A ke Kira Adon Gargajiya

A makarantun ƙasar Gwandu, kamar sauran makarantun Arewa, akwai ranar da a kan keɓe domin nuna al'adu. Ran nan sai a ɗaura wa 'yan mata saƙi a ƙirji, a aza musu ƙwarya a ka, a kafa 'yar bukka a gefen fili a zuba faifai da ludayi da akushi a ciki, a ce wa baƙi ga tufafin matan Hausawa, ga kuma ɗakinsu na gargajiya. Malamin da ya shirya abin bai yi ƙarya ba, gama duk kayan nan an yi aiki da su, waɗansu ma har gobe. Amma ya koya wa yara abin da ba haka ya ke ba, watau wai gargajiya kaya ce, wai kuma ta ƙare ran da atamfa da kwano suka shigo. Yarinyar da ta koma gida ta tarad da kakarta ɗaure da atamfa, a ɗaki mai kabad cike da samira, sai ta ɗauka tsohuwar ta bar al'ada, alhali kuwa a hannunta al'adar ta ke.

Wannan kuskure yana da asali, kuma asalinsa yana cikin irin shaidar da masu nazari suka gāda. Mafi yawan waɗanda suka rubuta labarin ƙasashen nan maza ne, baƙi kuwa, iyakarsu kasuwa da zaure. Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu. Ya yabi saƙar garin, ya ce sawayensu na auduga masu kyau ne ƙwarai, amma ya kushe rininsu, don a ganinsa ba su iya fid da ƙyallin da mabugan Kano da Nufe ke fid da shi ba. Maganar tana da amfani, sai dai a tuna Barth ko Sarkin ma bai sami gani ba duk zamansa, balle ɗakin matar aure. Abin da ya gani zane ne a ninke a rumfar kasuwa. Yadda a ke ɗaura shi, da lokacin da a ke sāke shi, da inda a ke ajiye shi, duk suna bayan katangar da bai ƙetare ba. Sai a 1954 aka buga labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau, sa'an nan aka ji mace da kanta tana zancen aure da kayan ɗaki. Ƙasar Gwandu kuwa tana da nisa da Giwa, harshe ma ya ɗan bambanta.

Duk da haka akwai abu biyu da za a tsinta cikin maganar Barth. Na fari, yabon saƙa rabinsa na mata ne, domin masaƙi ba ya fid da zane mai kyau daga mummunan zare, gurza da shiɓa da kaɗi kuwa aikin mata ne a cikin gida. Colleen Kriger ta yi bayanin wannan a nazarinta na 1993 a kan saƙa da rabon aiki tsakanin maza da mata a daular Sakkwato. Na biyu, tun a lokacin nan zanen gida yana gogayya da na waje. Nufe da Ilori suna ƙarƙashin Gwandu, hanya a buɗe ta ke, kasuwar Jega kuma ta zama mahaɗar fatake. Matar da ke da hali ba ta tsaya ga abin da aka saƙa a unguwarsu ba. Ashe shigowar baƙon kaya ba shi ne mutuwar al'ada ba, tun da yake da baƙon kaya aka san ta.

Haka kuma sūkar ado ba yau aka fara ta a Gwandu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe yammacin daular, ya rasu a 1829, kabarinsa yana garin, ya koka a cikin Tazyinul Waraƙati a kan yadda jama'a suka karkata ga tufafin alfarma da dawaki bayan nasara. Da maza ya ke, masu mulki. Nana Asma'u kuma ta kan naɗa wa jajinta malfa da jan rawani, don duk inda ta shiga a san mai koyarwa ce. Mutanen nan sun san tufa magana ce, a kan karanta ta.

To, mece ce ƙa'idar da mace ke bi a tufafinta na yau da kullum? Nisa ce. Adon mace a ƙasar nan a kan auna shi da tazarar da ke tsakaninta da ɗakinta. A tsakar gida, wajen daka da wanki da hura wuta, zane ne da 'yar riga, ko ɗaurin ƙirji in zafi ya yi tsanani, da kallabi don tsare kitso daga hayaƙi da toka. In za ta leƙa maƙwabta ta yafa mayafi. In unguwa ce, barka ko gaisuwa ko dubiya, sai a fid da zanen da ke ƙasan adudu ko akwati, a ɗaura ɗankwali da kyau, a ɗauko gyale ko hijabi. Kowane taki daga ɗaki yana ƙara tufa ɗaya. Wanda ya ga mace a hanya kaɗai ya ce ya san shigarta, shafi guda ya karanta cikin littafi.

Zanen kansa yana da shekarunsa kamar mutum. Turmin atamfa na yadi 6 a kan raba shi, a fid da zane da riga da ɗankwali. Yana sabo na biki ne da salla. In ya sha wanki kaɗan ya koma na unguwa, daga nan na zaman gida, daga nan a goya yaro da shi, ƙarshe ya zama tsumman sauke tukunya. Gwanar mace ita ce wadda ta san matsayin kowane zane a wannan tsani, ba ta tsallake da shi, ba ta kuma bari a gan ta gidan suna da wanda ya riga ya sauka. Wannan ilmi ne na tattali, ba ya kuwa bayyana a ranar al'adu, don ba a iya rataya shi a bukka.

Hijabi ya yaɗu a Arewa daga ƙarshen shekarun 1970, bayan yawaitar zuwa Makka da wa'azin ƙungiyoyi irin su Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978. Masu kukan gargajiya su kan ce ya kashe ado. Ba a yi masa adalci ba. Gyale yana zamewa, yana cin hannu guda wajen riƙo, hijabi kuwa ya sakar wa mace hannu biyu, ya kuma sauƙaƙa fitar 'yan mata makaranta a gidajen da dā ba za a bari ba. Ido bai mutu ba, wurin aikinsa ya sāke: yanzu a kan zaɓi launin hijabi ya ɗauko ɗaya daga launukan atamfar da ke leƙowa a ƙasa. Inda laifin ya ke shi ne yadin. Mafi yawansa na roba ne, ba ya shan gumi, ba ya barin iska, a ƙasar da zafin bazara ke hana barci. Garin da aka yaba da audugarsa a 1853, yau 'ya'yansa mata suna tafiya makaranta cikin roba da tsakar rana. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, atamfar kasuwa kuma galibinta daga Sin ta ke zuwa.

Ɗaki shi ne inda wannan tsani na tufafi ya faro, shi ya sa ba a raba nazarinsu. A tsohon tsari adon ɗaki daga ƙasa ya ke tashi. Mata su kan taru su yi daɓe, suna bugu da madaɓi suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. A shafe bango, a kafa gado, sa'an nan a zo ga jere. Jere kuwa sunansa ya faɗi ƙa'idarsa. Babba a ƙasa, ƙarami a bisa. Abin da ke dama ya sami ɗan'uwansa a hagu. Masu launi ɗaya su hau kan juna, fuskar kaya ta dubi ƙofa, don mai ɗaga labule ya gani gaba ɗaya kafin ya zauna. Ba a cin abinci a kayan jere. A kan sauke su a wanke in salla ta gabato, a mai da kowanne gurbinsa. Amarya ba ita ke yin jerenta ba, gwaggwanni da ƙannen uwa ke yi, matan dangin miji kuma su zo kallo, su karanta a bango irin gidan da ta fito da yawan masu ƙaunarta.

Da aka sami kwano da tasa da langa, daga baya samira da tangaran, sai ƙwarya ta ja da baya, amma ƙa'idar ba ta motsa ba. Wanda ya san jeren ƙore, in ya shiga ɗakin kwanuka ba zai ɓata ba. A nan ne ranar al'adu ta fi yin ɓarna, gama ta kan zuba ƙore a bukka ba tsari, ta ɗauki kayan ta yar da jeren. Lalle ɗakin tsohuwa mai kabad ɗin samira ya fi wannan bukka kusa da ɗakin kakanni.

An daɗe a na kiran jere almubazzaranci, wai tara kwanon da ba a ci a ciki. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna matan can suna zuba ribar sana'arsu cikin kwanukan ƙasar Cekoslobakiya, suna tara su har kusa da rufi, domin dukiya ce da miji ba ya taɓawa. Barbara Cooper ma ta bi zancen kayan aure a Maraɗi a littafinta na 1997. Hikimar a fili ta ke. Kuɗi a hannu a kan ranta, a kan roƙa, kwano a bango kuwa sai da dalili mai ƙarfi a ke sauke shi. Yana rabuwa ɗai ɗai: a sayad da biyu ran rashin lafiya, a ba 'ya goma ran aurenta. In aure ya mutu, mace ta kwashe abinta, don shari'a ta san nata ne.

Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba, kuma aibinsa ya shafi malaman makaranta kai tsaye. Gasa ta shiga ciki, uwa ba ta son a raina 'yarta ran jere. Kuɗin kwanukan kuwa sau da yawa daga tallan yarinyar su ke fitowa. Enid Schildkrout ta ga haka a Kano a shekarun 1970: yarinya tana yawo da tire tana tara kayan ɗakinta, ajinta yana tafiya ba ita. Malamin da ya tsaya gaban iyaye ya ce jere banza ne, ba za a saurare shi ba, don matan sun fi shi sanin amfaninsa. Wanda ya gane asusu ne, shi ne zai iya zama da uwa su yi lissafin abin da tallan ke kawowa da abin da ya ke ci.

Ɗakin amaryar yau ya sāke. Kujerun kushin, gado da sif da madubi, labule har ƙasa, kuloli da faranti kuma sun koma kicin ko kabad mai gilashi. Ta fuskar tsabta an ci gaba, don tsohon jere matattarar ƙura ce da kyankyaso in mai shi ta yi sakaci. Ta fuskar ido kuwa sau da yawa an ci baya. Kafinta ya ƙera kayan bisa awon wani gida na birni, a kawo su ɗakin da bai kai ba, kujera ta tokare ƙofa, a rasa inda za a shimfiɗa tabarmar salla. Hannun gwaggo ba shi da abin da zai tsara, sai dai a tura nan a ja can. Babbar hasara ita ce ta dukiya. Saitin kujeru ba ya rabuwa, ba a sayad da hannun kujera ran ciwo, kuma daga ran da aka shigo da shi darajarsa ke raguwa, ga uba can yana biyan bashinsa. Matan da suka farga sun mai da ajiyarsu ga 'yan kunnen zinariya, da tumaki, da turamen atamfa da ba a yanka ba, a jere cikin akwati, mai tsada a ƙasa.

Kalgo wuri ne da ya dace da wannan nazari. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, saboda haka a kasuwa guda a kan ga ɗaliba cikin abaya, da matar gari cikin hijabi, da Bafillatana mai tallan nono da ƙwaryarta a ka, an rufe da faifai. Ɗalibar kwalejin horon malamai tana da abin da Barth bai samu ba, watau izinin ɗaga labule. In aka aike ta ɗakin tsohuwa a Gwandu ko Kalgo, tambayoyin da za ta riƙa kaɗan ne: wa ya ba da wannan tasa, a wace shekara, me ya sa ta ke sama ba ƙasa ba, wanne aka sayar kuma don me, da sunan da a ke kiran kowane abu da bakin mutanen wurin, tun da yake littattafan makaranta galibi Hausar Kano su ke bi. A rubuta amsar yadda tsohuwar ta faɗa, a zana bangon kamar yadda ya ke kafin magāda su raba kayan.